Ƙyauren da Aka Kawo Daga Bakin Teku

Da sunan Allah, Wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya ajiye ruwa inda ya ga dama.

Ni ban taɓa ganin teku ba. Abin da na sani game da ita a takarda na same shi, tun ina ɗalibi a Birni, lokacin da malaminmu ke fassara mana labarin ruwan Ɗufana, mu kuma muna bin bakinsa da alƙalami, muna rubuta fassarar da ajami a gefen shafi. In ya ce ruwa ya rufe duwatsu, duwatsun bayan unguwarmu nake hangowa, sai in ji abin ya ƙi shiga kaina. Mu mutanen Damagaram da ƙishi muka tashi. Na yi wayo na tarar mata suna sammakon rijiya. Na girma na ga an kawo famfo, na kuma ga famfon yana kwanaki bai ɗiga ba, bido, wato jarkokin ruwa, a jere a gabansa har bakin titi. A garin nan in za a yabi gida ba a farawa da yawan ɗakunansa, da kusancinsa da ruwa ake farawa. In an zo neman auren yarinya, kafin mata su tambayi sana'ar mai nema sai sun tambayi nisan gidansu da famfo. Na faɗi wannan tun farko ne domin a gane abin da ya faru tsakanina da matar yayana.

Yayana ya bar gida tun ina allo. Wasu fataken Kano da ke sauka a Zango ya bi, yana yi musu dakon albasa, daga nan ya zarce kudu, har ya tsaya a wani ƙaramin garin masunta da ke gaba da Kwatano. Yadda ya siffanta mana, garin a kan wani siririn tudun rairayi yake, teku a gabansa, wani dogon tabki a bayansa. A can ya kafa rumfa yana sayar da albasa da kanwa. A can ya auri 'yar wani masunci, Musulma, suka sami 'ya ɗaya da ta rayu. Yakan zo gida jefi-jefi, da buhun busasshen kifi da wata irin Hausa da ta ɗan karkace. In ya zauna a zaure bayan la'asar yakan ce teku tana cin garinsu. Ya ce gidajen da ya tarar a bakin ruwa farkon zuwansa, yanzu a kansu ake jefa taru, shi kansa ma ya kwashe gidansa ya ja baya. Wani dattijo maƙwabcinmu ya ce masa in ruwan ya yi musu yawa, ya riƙa ɗuro mana a bido maimakon kifin nan mai wari. Aka yi dariya, shi ma ya yi. Mun sa zancen cikin irin labaran da matafiya ke dawowa da su.

A can Allah ya karɓi abinsa, a can aka binne shi. Mu nan muka yi zaman makoki ba gawa. Bayan haka 'yarsa ce ke kiran mu a salula ranar salla, ko in ta ji an yi haihuwa. Ta riga ta girma, tana ɗinki. Wata rana ta kira ba salla ba suna. Ta ce ruwa ya shigo, gidan ya tafi, su da wasu iyalai suna kwana a azuzuwan lakwal. Ta ce hukuma na maganar kai su wani fili can cikin daji, nesa da kifi. Na tambaye ta ko an yi rashi, ta ce a'a, masu rai duk sun fita. Sai ta ce maƙabartar ce dai babu. Na yi salati. Na ce ta faɗa wa uwarta su taho, gidan ubanta yana nan.

Sun iso a tsakiyar bazara, ta Gaya da Maraɗi. Na je tasha da niyyar ɗauko su a kabu-kabu, sai na tarar 'yan dako suna sauko da wani faffaɗan abu daga saman mota, nannaɗe cikin tabarma, suna tsaki saboda nauyinsa. Wata gajeruwar mace kakkaura tana tsaye a ƙasa tana nuna musu yadda za su riƙe. Ita ce matar yayana. Sau ɗaya na taɓa ganinta, tun tana amarya. Kayansu duka ƙunshi biyu ne da keken ɗinki, sai wannan abin. Da ta ga ya sauka lafiya ta juyo, ta dube ni daga hula har takalmi.

"Mijina ƙarami, ashe ka yi furfura ba ka aika an faɗa mini ba."

Na ce, "Yaya, jiran ki ne ya kawo ta."

Wasan da ke tsakanin mace da ƙanen mijinta ne, ban zaci ta san shi ba. Ashe yayana ya koya mata. Kabu-kabu dai bai yi amfani ba, sai da na nemo amalanken jaki.

A gida aka kwance tabarmar, sai ga ƙyaure. Na katako ne mai kauri, gajere, mai faɗi, irin wanda ba a yi a nan. Shuɗin fentinsa ya kusa ƙarewa, gindinsa ya yi fari da gishiri. 'Yar ta ce da katakon tsohon kwalekwalen kakanta aka yi shi, shi ne abin da tsohon ya ba iyayenta ranar tarewa. A gefen da ake rataya shi akwai ramukan ƙusa birjik, wasu sun yi baƙi don daɗewa, wasu sababbi. Mai ɗakina ta ce a jingine shi a zaure. Matar yayana ta ce a'a, a shigar mata da shi ɗakin da aka ba ta. Ya cinye kusan rabin bango. Daga baya mai ɗakina ta raɗa mini cewa baƙuwarmu da ƙyaure take kwana kamar mai jego da jariri.

Zama ya fara da daɗi. 'Yar ta kafa kekenta a zaure, matan unguwa suka fara kawo ɗinki, rabi don ɗinkin, rabi don su ji yadda take magana. Uwar ta koyi tuwon hatsi, fura ce dai ta ɗauke ta lokaci. In an kawo kifi daga kasuwa sai ta ɗaga shi ta sansana, ta ajiye, ta ce Allah ya jiƙansa, ya daɗe da rasuwa. Unguwa ta sa mata suna Inna ta Teku, tana kuma amsawa.

Mahaifinmu, Allah ya gafarta masa, ban da gidan da nake ciki ya bar filaye biyu. Ɗaya yana gefen Zango, a bakin wani tabki da aka daɗe ana haƙar ƙasar gini a cikinsa har ya yi zurfi. Akwai tsohuwar rijiya a filin, da babbar bishiyar dogon yaro, ƙasarsa kuma baƙa ce, ko ƙwallon mangwaro ka yar sai ya tsiro. Ɗayan yana can kan tudu, tsakanin manyan duwatsu, inda awaki ne kawai ke hawa. Da aka raba gado, na bakin tabki ya zama na yayana, ni na ɗauki gidan da na kan dutse. Shekara da shekaru ina tsare masa shi. 'Yan kasuwa sun sha zuwa tayawa, ina ce musu ba nawa ba ne.

Wata Juma'a bayan la'asar na kai su su ga filinsu, tare da mai ɗakina. A shekarar tabkin bai ƙafe ba duk da zafin bazara. Akwai ruwa kwance a tsakiyarsa, kore, da balbelu a gefe. Na nuna mata rijiyar, na nuna mata inda za a ɗora ɗaki da inda za a yi garka, wato lambu. Mai ɗakina ta ce ita da za a ba ta wurin nan, ko biki ba za ta ƙara fita ba.

Matar yayana ba ta ko leƙa rijiyar ba. Ta taka har bakin gangaren, ta tsaya tana kallon ƙasa, sa'an nan ta tambaye ni inda ruwan ya tsaya bara. Na nuna mata wani kututture. Ta ce bara waccan fa. Na nuna mata ƙasa da shi kaɗan. Da na ga kamar tana son zancen, sai na ƙara mata da cewa a shekarun nan albarkar ƙaruwa take yi. Tabkin da a da yake bushewa tun lokacin sanyi, yanzu kowace damina sai ya ɗan matso, wata rana ma har gindin dogon yaron zai zo ya gaishe ta. Yabo nake yi, irin yabon da duk ɗan Damagaram zai yi wa fili.

Ta ce, "Allah ya saka da alheri, Malam."

Ba ta ce mijina ƙarami ba. Na lura da haka, amma na ɗauka kewar marigayi ce ta taso mata.

Ba a daɗe ba 'yar ta faɗa wa mai ɗakina cewa uwarta ta ce in damina ta wuce za ta koma. Mai ɗakina ta tambaye ta inda za su koma, tunda gidan babu. Ta ce wancan filin na cikin daji, ita ma ba ta so, amma ba za ta bar tsohuwa ta tafi ita kaɗai ba. Mai ɗakina ta kawo mini maganar da zafinta. A ganinta raini ne, an ɗauki abin da ya fi komai an miƙa wa mace, ta kau da kai. Wataƙila gidan siminti ta sa rai, ko kuma hatsinmu ne bai karɓe ta ba. Abin da ke raina shi ne, kabarin yayana ya tafi, in iyalinsa ma suka koma inda ban san hanyarsa ba, babu sauran abin da ya rage mana nasa. Na gwada yi mata zancen sau da yawa, kullum sai ta ce ba komai, mun yi mata komai.

Damina ta yi jinkiri a shekarar. Mutanen garin Dogo da ke kawo mana hatsi suka ce irin da suka binne yana neman lalacewa a ƙasa. Aka yi shela aka fita roƙon ruwa a filin idi, liman ya juya mayafinsa muka juya namu. Matar yayana ta fita tare da tsofaffin mata, kuma mai ɗakina ta shaida cewa ta ɗaga hannu kamar kowa, amin ɗinta ma ta fi ta wasu ƙarfi. Allah ya amsa. Wata rana bayan azahar gabas ta yi baƙi, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Duk abin da ke da ciki a gidan aka fito da shi ƙarƙashin indararo. Mai ɗakina ta shiga ɗakin baƙuwa ta ari roba, sai ta tarar da ita zaune a bakin gado, da mayafinta, da takalmi a ƙafa, ƙunshinta a ɗaure, ƙyauren kuma an sake nannaɗe shi da igiya. Ta tambaye ta lafiya. Ta ce lafiya lau, sabo ne kawai.

Tun daga washegari ta fara fita da safe da karan dawa a hannu. Ba ta daɗewa take dawowa. Da farko ba wanda ya kula, sai masu wanki suka fara cewa suna ganin Inna ta Teku a bakin tabki, tana kafa kara a gefen ruwa, gobe ta zo ta cire ta kafa a wani wuri. Mutanenmu ba su san wani dalili da zai sa mace ta kafa kara a bakin ruwa ba sai ɗaya. Zance ya zaga cewa mutanen ruwan garinsu ta zo da su, tana yi musu hidima. Ɗinki ya ragu a zaure. Wani Bakano mai sayar da yadi, da muke sahu ɗaya da shi a masallaci, ya ja ni gefe bayan salla, ya daɗe yana kewaye-kewaye, sa'an nan ya ce shi dai bai gani da idonsa ba, amma gidan malami ne, gara in bincika.

Da safe bayan na sallami masu ɗaukar karatu na bi ta. Na same ta tsugune a bakin ruwa, a gaban filin nasu. Karan jiya yana tsaye cikin ruwa. Ta miƙa hannu ta tuge shi, ta ja da baya, ta kafa shi a inda ƙasa ta bushe, ta taka gindinsa da diddige. Na yi sallama. Ta amsa ba tare da ta juyo ba, ta ce ta san an kai ƙararta gaban malam. Na ce ba ƙara ba ce, tambaya ce. Ta ce in dai wannan tsafi ne, to kowane gida a garinsu yana yin sa, har gidan liman.

Ta zauna a kan kututturen nan, ta yi mini bayani a tsanake. A can kowane mai gida yana da turke tsakanin gidansa da teku. Da safe kafin a hura wuta sai an je an duba shi. In yana kan busasshen rairayi, a ci gaba da harka. In ruwa ya fara taɓa shi, a fara rage kaya ana kaiwa gidan dangi. Ranar da aka tashi babu shi, ba a jiran kowa, a cire kwanon rufi, a cire ƙyaure, a bar wa teku bangon, a koma can baya a sake kafawa. Yayana ne ke duba nasu. Da ya rasu ita ta gaje shi. Ramukan ƙusar da na gani a jikin ƙyauren, kowane jeri gida ne da suka zauna a ciki. Ta ce maƙabartar ma an kafa mata turke. Dattawa suna ta shawara ko ya halatta a tono a mayar da su tudu, ba su gama shawarar ba ruwa ya iso.

Sai ta dube ni. "Ka ba ni mafi kyawun abin da ke hannunka, na sani. Matarka ta faɗa mini, maƙwabta ma sun faɗa mini. Amma ka tsaya a gabana kana murna, kana ce mini kowace shekara matsowa yake yi. Malam, na tsufa. Ba ni da ƙarfin sake cire ƙyauren nan."

Na ce mata tabki ba teku ba ne. Ba shi da igiyar ruwa, ba shi da inda yake ɗebowa sai sama, da kaka ta yi zai fara ja da baya da kansa. Ta ce ta sani, 'yarta ma kullum sai ta faɗa mata, amma sanin bai hana ta tashi ta zo ta duba ba. Na tambaye ta abin da ya hana ta faɗa mini tun ranar. Ta ce a garinsu ba a mayar wa mutum kyauta a gaban matarsa, tafiya ta fi mata sauƙi da wannan. Filin cikin dajin ba kifi, ba dangi, amma an ce ko rafi babu kusa da shi.

Na ce to, in da za a bar ta ta zaɓa a garin nan fa. Ta ɗaga haɓa ta nuna duwatsun da ke bayan rufin gidaje. Ta ce ta ji an ce ina da fili a can.

Dariya ta kuɓuce mini. Na ce, "Yaya, can ko ɗan garuwa sai kin haɗa shi da Allah kafin ya hau."

Ta ce, "Ruwan da sai na je na nemo shi, shi nake so."

Abin bai zo mini da sauƙi ba. In na ɗauki matar yayana da marainiyarsa na kai su kan dutse, ga filin bakin tabki a buɗe, babu wanda zai tsaya neman dalili. Za a ce malamin da ke karantar da rabon gado ya musanya wa marainiya dausayi da tsakuwa. Mai ɗakina, da ta ji labarin turken, ta yi hawaye, ta je ta zauna da ita har magariba. Amma da na kawo maganar dutse ta ce in na yi haka ita ba ta da fuskar shiga mata. Ta kuma nuna mini cewa in na yi shiru baƙuwa ta tafi, ba mai ganin laifina, kowa ya ga abin da na bayar. Gaskiya ta faɗa.

Na kai maganar wurin limaminmu. Ya saurara har na gama, ya ce kada a yi musanya ko kaɗan. Filin tabki na masu shi ne, ya zauna a hannunsu. Na kan dutse kuwa nawa ne, in na ga dama in yi kyauta da shi, amma a gaban shaidu, da rana. Haka aka yi, bayan sallar la'asar a ƙofar masallaci. Liman ya kuma yi amfani da taron ya bayyana wa jama'a ma'anar karan. Wasu suka gamsu. Wasu suka ce wayo na yi, a bari a ga wanda zai ci garkar nan gaba. Wasu suka ce baiwar Allah dai ruwa ya taɓa mata kai. Zancen ya kai kaka, daga nan wani zancen ya zo ya ture shi. Damina ta wuce, tabkin ya ja da baya kamar yadda ya saba, matar yayana ba ta tafi ba, amma ba ta kwance igiyar ƙyauren ba.

Da rani aka fara gini. Maginin mutumin Zermu ne, dattijo mai yawan mita. A wannan tabkin dai aka haƙo ƙasar, a bakinsa aka buga tubali, jakuna suka yi ta hawa da shi. Ruwan kwaɓi ma da amalanke aka riƙa kaiwa har inda hanya ta ƙare, daga nan a ɗauka a ka. Magini ya ce tun da yake bai taɓa ganin mai fili a bakin ramin ƙasa ya kwashi ƙasar ya kai ta kan dutse ba, amma tunda an ce Inna daga teku ta zo, wataƙila can haka ake yi. Ita kuma ta ce masa a can magina ba sa magana sai sun gama aiki. Ɗaki biyu aka yi, da ɗan tsakar gida tsakanin duwatsu biyu.

Da aka zo kan ƙofa ya sauko gidana ya auna ƙyauren da igiya. Ya ce gajere ne, ga faɗi, gara a je wurin mai walda a yi na ƙarfe kamar na kowa. Ta ce wannan za a sa. Ya ce to, zai gina bakin ƙofar daidai da shi, ya binne katakon da zai riƙe shi cikin bango, ya bi da siminti. Ta tambaye shi ko akwai yadda za a rataya shi ta yadda mutum ɗaya zai iya cirewa in ta kama.

Ya ce, "Inna, nan ba a cire ƙofa. In na kafa, sai dai a rushe bangon."

Ya ce in tana so zai ɗaure mata shi da igiya kamar na garken awaki, amma iskar farkon damina za ta kai shi Mirya. Ta ce a bari tukuna. Aka gama gida, aka yi yaɓe, aka rataya tabarma a bakin ƙofa. Magini ya koma garinsu. Ƙyaure yana ɗakinta a gidana, a ɗaure.

Ban matsa mata ba. Na san muddin igiyar nan tana jikinsa, tafiyar tana nan. Takan hau can da yamma, ita kaɗai, ta share tsakar gidan, ta zauna a kan dutse. Na taɓa raka ta. Daga wurin ana ganin garin duka, hasumiyoyin masallatai da rumfunan kasuwa, tabkin kuma can ƙasa kamar faifai. Ba ta yi maganar tarewa ba, ni ma ban yi ba. Haka muka ci sauran rani da bazara.

Ruwan farko na daminar da ta biyo ya same ta a can. Da hadari ya haɗu 'yar ta so ta je ta taho da ita, kafin ta sa takalmi ruwa ya sauko. Muka jira. Bai daɗe ba ya ɗauke, sai ga ta ta shigo, gefen zanenta a jiƙe. Mai ɗakina ta yi mata barka da ruwa, ta amsa. Ta ce ta tsaya a bakin ƙofa ta ɗage tabarmar tana kallo. Ruwan yana sauka a kan dutse, yana bin tsagi yana gangarawa, ko tsayawa ba ya yi. Kafin ta gama gyara ɗaurin kallabinta tsakar gidan ya tsane. Ta faɗi haka kamar mai ba da labarin wani abu da ta gani a kasuwa. Sa'an nan ta ce in aika a kira mata mai mitar nan.

Magini ya riga ya shiga shuka, sai da ya gama ya zo, yana cewa ya bar gonarsa saboda ƙofar da aka ƙi sawa lokacin da ba shi da aikin yi. Ita da kanta ta kwance igiyar. Aka ɗora ƙyauren a amalanke, inda hanya ta ƙare maza suka ɗauka. Ya binne katakon cikin bango, ya bi da siminti. Da ya zo rataya ƙyauren ya daɗe yana shafa gefensa da yatsa, yana neman inda ƙusa ba ta taɓa shiga ba. Da ƙyar ya samu. Ya ce mata wannan shi ne na ƙarshe, katakon ba zai ɗauki wani jeri ba.

Ta ce, "To, buga da kyau."

Ta riƙe masa shi da hannu biyu har ya gama. Ta tura, ta jawo, ta sake turawa. Sa'an nan ta shiga, ta juyo ta ce mijinta ƙarami ya shigo ya yi mata addu'a, amma ya sunkuya, don yayansa ma sai da ƙofar nan ta koya masa ladabi. Ban sunkuya sosai ba, hulata ta faɗi.

Suna can har yanzu, ita da 'yar. Wani mutumin Dogo ne ke yi musu aikin garkar bakin tabki, yana kai musu salati da tumatir. Ta sami ɗan garuwa ɗaya da ya yarda yana hawa, suna faɗa kullum. Tabkin wata shekara ya wuce kututturen, wata shekara ya kasa kaiwa. Ita dai ta bar zuwa duba shi, ko da yake in hadari ya haɗu har yau takan sa takalminta. Nakan hau in gaishe ta ranar Juma'a, in gwiwa ta bar ni. Kafin in shiga nakan dafa ƙyauren in yi wa yayana addu'a. Ban san inda kabarinsa yake ba yanzu, Wanda nake roƙo ya sani.